Dogon Hutu a Bakin Kogi: Fita da Ƙananan Yara a Ƙasar Yauri

  

Shugaban taro, Allah ya ƙara girma. Hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka halarta, ranku ya daɗe. Malamanmu na boko da na Islamiyya, sannunku da ƙoƙari. Iyayenmu mata da kuka bar girki da sana'a kuka zo, da 'yan'uwana magidanta, barkanku da zuwa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama da suka ba ni dama in yi magana a kan fita da ƙananan yara a lokacin dogon hutu, a nan ƙasarmu ta Yauri da Ngaski da Shanga.

Na san akwai wanda ya ji taken ya ce a ransa, "Malam, ana fama da kuɗin taki, wa yake ta yawon buɗe ido?" To Alhaji, ka leƙa tashar mota ko bakin ruwa mako guda bayan an rufe makarantu. Za ka tarar da mata da goyo, kowace da yara biyu ko uku riƙe da gefen zani, wasu za su biki, wasu suna, wasu gaida kaka. Fita dai muna yin ta, ko da wane suna muka kira ta. Abin da ya rage a tattauna shi ne ina za a je, yaushe, kuma da wane shiri. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya: lokacin hutunmu da lokacin kogi ba su daidaita ba.

A Ingila da Faransa, watannin Yuli da Agusta su ne na ɗumi da doguwar rana, shi ya sa iyali suke kwasar yara su nufi bakin teku. Mu kuwa hutun nan namu yana faɗowa ne a tsakiyar damina. Wanda ya ga hotunan mutanen can a waya ya ce shi ma bari ya kwashi yara a shiga jirgi shan iska, ya manta cewa kalandarsu ce yake kallo, ba tamu ba.

Kogin Neja yana da cika biyu a shekara a nan wajenmu, kuma duk masuncin da ke zauren nan ya fi ni sanin haka. Cikar farko ta ruwan samanmu ce da na ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi, wanda gulbin Sakkwato da sauran rafuka suke kwasowa. Tana kankama a Agusta ta kai Oktoba, ruwa ne mai laka da ƙarfi, yana tafe da burgu da kainuwa da rassan itatuwa. Cika ta biyu kuwa daga nesa take. Ruwan da ya sauka a duwatsun ƙasar Gini ne, yake bi ta Mali, ya bazu a manyan fadamun can ya daɗe yana kwance, laka ta zauna, sannan ya biyo ta Yamai ya iso mana wajajen Disamba zuwa Fabrairu, baƙin ruwa garau.

Ku ƙara da lissafin madatsar Kainji. Duk rani ana sakin ruwa ana samar da lantarki, saboda haka lokacin da ake rufe makarantu tafkin yana kusa da ƙarshen janyewarsa. A lokacin ne kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun cikar tafkin suke matsowa kusa da sama, jirgi ya hau su bai gani ba. Kafin yara su koma makaranta a Satumba kuma, ruwa ya fara hauhawa da gudu. Ga hadarin yamma. Tafkin nan tsawonsa ya kai kimanin kilomita 130, inda ya fi faɗi kuma ya haura kilomita 20. Idan iska ta taso kana tsakiya, ina za ka raɓe?

Saboda haka ra'ayina shi ne, shiga ruwa don nishaɗi a bar shi sai hutun Disamba, ko lokacin bikin Rigata, wanda a 'yan shekarun nan ake yi wajajen Fabrairu. A nan yaro zai ga tseren jirage da gwanintar Gungawa yana tsaye a kan tudu, hannunsa cikin na mahaifinsa. Dogon hutu kuwa, a ƙetare ruwa in ya zama dole kawai, kuma da safe.

Na biyu: ina za a kai su? A nan nake so in daɗe, domin shi ne ainihin abin da ya kawo ni.

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya rufe ƙasa fiye da murabba'in kilomita 1,200. Mutane sama da 40,000 aka tayar daga garuruwansu da gungunansu aka mayar sababbin matsugunai. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina Sabuwar Busa. A nan ɓangarenmu, Gungawa da yawa waɗanda kakanninsu suka rayu a tsakiyar kogi, suna noman albasa a gaɓa suna kamun kifi, sun wayi gari a kan tudu, cikin gidajen da gwamnati ta gina, ba irin ginin da suka saba ba.

Yanzu ku yi lissafi tare da ni. Yarinyar da take da shekara 10 a 1968, wadda ta ɗauki tukunyar uwarta a ka aka shiga jirgi aka bar gungu, yau ta doshi 70. Wanda yake magidanci a lokacin, in yana raye, ya haura 80. Su ne kaɗai suka rage waɗanda suka ga kogin nan kafin ya zama tafki, suka san inda kasuwa take da inda maƙabarta take da inda tsamiyar gari take, wuraren da yau jirgi yake wucewa ta samansu. Shekara nawa kuke ganin suka rage mana tare da su?

Shi ya sa nake cewa, babban wurin yawon buɗe ido da muke da shi a ƙasar Yauri shi ne zauren kaka. Ba a biyan kuɗin shiga, amma ƙofarsa tana gab da rufewa. Zumunci a ƙafa yake. Ku kai yaran nan su kwana biyu ko uku a ƙauye, a Zamare ne ko Tondi, a Wara ne ko Libata ko wani ƙauyen Shanga, su zauna a kan tabarma kusa da tsohuwa tana ɓarar gyaɗa. Ku kuma iyaye, wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Ku tambayi tsoho sunan gungunsu, da yadda aka yi ranar tashi, da abin da aka iya ɗauka da abin da aka bari. Ku ɗauka ku ajiye. Yaron da yake shekara uku yau ba zai fahimci komai ba, amma ranar da ya kai ashirin zai ji muryar kakansa tana faɗin asalinsa.

Akwai kuma harshe. Yaron da ya tashi a Yelwa Hausa kawai yake ji, sai Turancin makaranta. Gunganci da Kambarci da Dukkanci suna ƙauye. Shanganci ma masu jin sa sun ragu ƙwarai, galibin Shangawa sun koma Hausa. Ba na cewa kwana biyu ko uku za su koya wa yaro harshe, amma zai ji ana gaisawa da shi, zai ji kakarsa ta yi masa wasa da shi, ya san cewa nasu ne, ba abin kunya ba.

Wata za ta ce, "Malam, mu kakanninsu sun rasu," ko kuwa "mu baƙi ne, aiki ya kawo mu." To ga Birnin Yauri nan a ƙaramar hukumar Ngaski, tsohuwar fadar sarakunan Yauri kafin a dawo Yelwa a 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi. Yaran da suka kai aji uku ko huɗu sun fara jin sunan Mungo Park a makaranta. Sun san ya biyo ta ƙasar Yauri a 1806 kafin ya halaka a ruwan Busa? Sun san wasu Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, sun zo fadar Sarkin Yauri a 1830 suna neman takardun da ya bari, suka yi makonni a nan, sannan suka bi kogin har suka ga inda yake shiga teku? Littafin makaranta yana ba da labarin kamar a wata duniya ya faru, alhali a ƙofar gidanmu ne. Kuma in malami ya ce musu Bature ne ya gano kogin Neja, yaron da aka kai shi bakin ruwa ya ga masunta zai iya ɗaga hannu ya tambaya: su waɗanda suka tuƙa masa jirgin fa?

Ƙananan kuwa, 'yan shekara biyu zuwa biyar, ba ruwansu da shekarar da wani ya zo. A kai su kasuwar kifi da sanyin safiya. A nuna musu giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu, su taɓa da yatsa, su ga yadda ake banda. A tsaya wajen mai ɗinkin koma, a tsaya wajen masassaƙin jirgi. A kai su gonar shinkafa su ga daga inda tuwon dare yake fitowa. Abin kunya ne ɗan Yauri ya san sunan 'yan ƙwallon Sifen kaf, amma a ɗora masa kifi biyu a faranti ya kasa bambanta su.

Na uku: jirgi.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife kusa da Wara. 'Yan kaɗan aka ceto da rai, kuma cikin waɗanda suka rasu akwai mata da yara. Ba sai na tsawaita ba, domin ina kyautata zaton a zauren nan akwai wanda ya yi zaman makoki a makon. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da hukumomi suka ambata a lokacin shi ne lodin da ya wuce kima. Ajali gaskiya ne, amma an umarce mu da riƙo da sababi.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya ga duk fasinja. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: rigunan da ake rabawa a tashoshi galibi na manya ne. Ka sa wa ɗan shekara huɗu rigar babba, da ya faɗa ruwa rigar za ta taso sama shi ya zame ta ƙasa. Rigar yaro daban take, tana da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu da abin tallafe kai. Gidan da ƙetare ruwa ya zame musu hanyar yau da kullum, kamar masu zirga-zirga tsakanin Zamare da Rofiya, ya kamata su mallaki tasu. Ina kuma kira ga masu hali da ƙungiyoyin direbobin jirgi: in za a yi sadakar riguna, a tuna da na yara.

Iyayenmu mata, ga taku. Goyo a baya shi ne mafi aminci a kan tudu, amma a cikin jirgi ba haka ba ne. In jirgi ya kife, uwa tana fafutukar ɗago kanta, kan jariri yana cikin ruwa a bayanta, ga zani ya jiƙe ya ƙi kwancewa. A sauke goyo kafin a shiga, a rungume shi a gaba. Kuma kada mace ɗaya ta shiga da yara huɗu. Hannu biyu Allah ya ba ta. Kowane ƙaramin yaro a san babban da ke riƙe da shi tun daga tudu.

Sai magana mai wuya, wadda ta fi shafar maza. Ka iso tasha ka tarar an loda buhuna da babura, ruwa ya kusa leɓen jirgi, direba yana cewa "shigo Alhaji, akwai wuri." Kunya ce take sa mu shiga, kada a ce wane matsoraci ne. Ka ce a'a, ka zauna a inuwa da 'ya'yanka ka jira na gaba. In babu na gaba, gobe ma rana ce. Bikin da za ka je, ko ka makara za a ba ka tuwo.

Na huɗu: bakin ruwa ya fi tsakiyarsa cin yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa, wato daidai lokacin da muke rufe makarantu. Ƙaramin yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ba ya ɗaga hannu. Shiru yake tafiya, cikin ɗan lokacin da uwa take ɗauraye zani guda. Kuma ba sai kogi ba. Kududdufin damina, ramin da aka haƙi ƙasar gini, rijiyar da ba murfi, har bahon wanki, duk sun isa.

Wurin biki ya fi ko'ina haɗari, domin manya sun yi yawa, kowa yana zaton wani ne yake dubawa. Haka nan ɗabi'armu ta cewa 'yar shekara bakwai "ki kula da ƙaninki." Ita ma fa yarinya ce, wasa zai ɗauke ta. A ambaci sunan babba guda, a ce wance, yaran nan a hannunki suke har la'asar.

Akwai kuma tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa marar gudu mai ciyayi, irin na gefen tafki, ta huda fatar yaro yana wanka. Bayan makonni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A wasu ƙauyukanmu har ana ɗaukar haka alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba girma ba ne, ciwo ne, yana shanye jini yana lalata mafitsara, kuma maganinsa yana asibiti. Yaron da ya dawo hutu daga bakin ruwa, a riƙa tambayarsa. Dorina kuwa ba sai na gaya wa mutanen Yauri ba. Inda masunta suka ce kada a je, kada a je.

Na biyar, a taƙaice: hanya.

Dukkanmu muna tune da 17 ga Yuni, 2021, ranar da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai. Ba zan yi kamar ban san halin da ake ciki ba. Kafin a kama kowace hanya, a kira mutanen can a ji labarin ranar, ba na makon jiya ba. A tashi da hantsi a isa kafin la'asar. Gandun dajin Kainji, da aka kafa a 1979, da shi ne wurin da ya fi dacewa a kai yara su ga namun daji, amma a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun shiga dajin, don haka ban ba kowa shawarar zuwa da iyali ba sai hukuma ta tabbatar da lafiyar wurin. A mota, yara baya suke zama, ba a cinyar mai zaman gaba ba. A kan kabu-kabu kuma, yaro ɗaya a tsakiyar manya biyu ya isa. Wannan jerin da muke yi, ɗaya a kan tanki, biyu a tsakiya, ga goyo a baya, a kan titin da tireloli ke bi zuwa Kwantagora, ganganci ne.

Na shida: guzuri, da wanda zai ɗauki nauyin.

Tafiya da yaro da ƙafar yaro ake auna ta. Yana jin yunwa kafin kai, yana gajiya kafin kai, kuma in lokacin barcinsa ya yi ba ruwansa da cewa ba a iso ba. Wuri ɗaya a rana ya ishe shi. A ɗauki ruwan sha daga gida, domin yawancin gudawar da yara ke dawowa da ita daga ruwan hanya ne. A sa ƙullin gishiri da sukari na asibiti a jaka. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono kawai, ko da ana zafi. Gidan sauro a naɗe a tafi da shi, kada a ce kunya ce a je gidan surukai da shi. Sauron bakin tafki bai san surukuta ba. Sannan maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata ake ba da shi. In tafiya za ta ci ranar, a tafi da katin yaro a nemi ma'aikatan lafiya na can.

'Yan'uwana maza, ku yi mini haƙuri. Yawancin fitar da muke kira ta iyali, uwa ce kaɗai da yara. Maigida ya ba da kuɗin mota ya ce a sauka lafiya, ya koma majalisa. Ita ce goyo, ita ce kaya, ita ce ciniki da direba. Ina hutun yake a nan? Ko sau ɗaya a hutun nan, ka bi su. Ka ɗauki ƙaramin a kafaɗa, ka nuna masa gonar da ka yi noma kana yaro da makarantar allon da ka yi karatu. In kuma za ka ɗauki yara zuwa kasuwa ko bakin ruwa, kada ka zaɓi maza ka bar mata da wanke-wanke. Su ma ƙasarsu ce. Gidan da ke da mata fiye da ɗaya, a haɗa 'ya'yan ɗakuna a tafi tare, domin yara suna riƙe wanda aka ɗauka da wanda aka bari fiye da yadda muke zato.

Malamai kuma, ga roƙona gare ku: ranar da aka dawo a Satumba, kafin a buɗe littafi, ku ba kowane yaro dama ya faɗi inda ya je da sunan kifi ɗaya ko gungu ɗaya da ya koyo.

Shugaban taro, na ga ana yi mini nuni da agogo, don haka a nan zan dakata.  Allah ya raya mana zuriya, ya kai kowa gidansa lafiya. Mai tambaya ko gyara, bismillah. Zan so a fara daga ɓangaren mata, sannan in akwai direban jirgi ko masunci a cikinmu a miƙa masa lasifika, domin akwai abin da zai ƙara a kan maganar ruwa.